Tumunina a Motar Malam

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ku da ake karanta wa takardar nan, ga kacici-kacici. 'Yan'uwa biyu a ɗaki ɗaya, ɗakin ba ƙofa ba taga. Sun juya wa juna baya, kowa ya manne wa bangonsa. Su ba su fita ba, ɗakin kuma sun hana shi motsi. Su wane ne? Kada kowa ya yi saurin nuna wani da baki. Ku riƙe amsarku sai na gama.

Wanda ya ji wasiyya ta fara da kacici-kacici zai ce tsohuwa ta soma ruɗewa. Ban ruɗe ba. Ni Hamsatu, ta unguwar Jahun cikin garin Bauchi, ina rubuta wannan hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Na san yau, na san jiya, na kuma san jikan da yake shanye mini fura ya ce kyanwa ce. Jikin ne ya gaji. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sai na lallashe shi, likita kuma idan zai yi magana ya daina kallona, sai ya kalli 'yata Radiyya. Na gane, ba sai an fassara mini ba. Rubutun da hannuna na yi shi, da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya. Inda harafi ya karkace, mai karatu ya miƙe shi da baki. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam, manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa.

Na ɗaya. Wannan wasiyya ba ta jiran mutuwata. Radiyya, ke na damƙa wa ita. Ki karanta ta Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci, a tsakar gida, yayyenki biyu suna zaune. Wanda ya ce yana da uzuri, ki ce masa ni ma ina da shi, kuma nawa ya fi nasa sauri. Ni ina ɗaki. Idan kun leƙo kuka ga idona a rufe, kada ku yarda, ina jin ku. Dalilin gaggawar shi ne, gawa ba a kwana da ita, aikin da zan sa ku kuwa yana cin kwanaki.

Na biyu. Sunaye biyu ne ban taɓa kira da bakina ba, yadda iyayenmu suka koya mana: na mijina da na ɗan farina. Yau biro zai kira su, shi ba ya jin kunya. Babanku, Malam Abdulsalami direba, Allah Ya jiƙansa. Sai kai, Abdulhamid. Tun kana goye nake ce maka "wannan", ka girma na ce "babban", ka yi gida a Gwallameji na ce "na Gwallameji". Na san akwai lokacin da ka ɗauka ƙaninka Ashiru kaɗai nake so, don shi nake ƙwala wa kira har maƙwabta su ji. Ka duba da kyau, na rubuta sunanka cikakke, ban bar harafi ɗaya a baya ba. Na daɗe ina kiransa a zuci.

Na uku. Maganar motar. Kowannenku rabin labarin ya riƙe, don haka ku ji shi gaba ɗaya daga wadda take cikin gida ranar.

Fijo 404 ɗin nan mai ruwan madara ta riga Ashiru da Radiyya zuwa gidan nan. Da ita Malam ya yi jigilar Bauchi zuwa Ningi har gemunsa ya yi fari. Lokacin tana amarya ya gina lungun shigowa daidai faɗinta, ya sa masa ƙofar ƙarfe, don ta riƙa kwana a ciki. Da ta tsufa, ɓarayi ma suka raina ta, sai ya koma ajiye ta a waje gindin darbejiya. Akwai abu ɗaya da ba ku lura da shi ba, don ba ku ne kuke miƙa masa dutsen ba. Idan zai bar ta ta kwana biyu, ba ya ja mata birkin hannu. A giya yake barin ta, ya tokare taya da dutse.

Ranar da ya rasu, bayan an fita da shi, aka buƙaci gindin darbejiya don shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarmi. Sai aka turo motar cikin lungu. Abdulhamid, da kuka dawo daga maƙabarta hannunka ya rasa abin yi, ka ɗauki bokiti ka wanke ta, har ƙarƙashi, har cikin tayoyi, kana kuka kana zaton ba mai ganin ka. Ina ganin ka ta taga. Ashiru, kai kuma ka ga yaran masu gaisuwa sun cika ta suna wasa da sitiyari, ga lungun da ɗan gangare zuwa inda mata ke zaune, ka kore su ka ja birkin hannu da ƙarfinka duka. Ruwa a ciki, birki a ɗaure. Liman ya ce kayan gado ba a taɓa su sai an raba. Rabon ya jira Radiyya ta haihu ta yi arba'in, ya jira kawunku na Zungur ya gama noma, damina ta shigo ta fita. Ranar da aka zo tura ta, ƙafa uku suka yarda. Ta bayan hagu, ta jikin bango, ta ce ba inda za ta je. Tsatsa ta manne ƙarfen nan mai kama da kwanon tuwo da ke bayan taya, wanda kanikawa ke kira dirom.

To, ku gaya mini wane ne mai laifi, wanda ya wanke motar ubansa ko wanda ya tsare yaran mutane? Ni na duba ban ga ko ɗaya ba.

Amma ku kun gani. Ashiru ya kwaso 'yan dako daga kasuwar Muda Lawal suka yi ta turi, tayar ta ja ƙasa har ta kwashe simintin lungu, ba ta juya ba. Abdulhamid ya zo da wani yaron gareji ɗauke da tukunyar gas zai yanka ƙarfen da wuta, ga buhunan masarar Ashiru jingine a bango. Ashiru ya kore su. Ina kwance na ji abin da kuka faɗa wa juna. Ɗaya ya ce ɗan'uwansa ne ya kashe motar ubansu da hannunsa. Ɗayan ya ce wanda ya bar gida ya koma baƙo ba shi da bakin magana a kan lungun da ba ya bi. Daga ranar ba ku sake haɗa ido ba. Abdulhamid, sai ka daidaici Ashiru yana kasuwa kake zuwa gaishe ni, ka zauna a bakin gado kana duba agogo kamar wanda ya zo zance gidan da ba a son sa. Damina ta sake zuwa, ta kuma sake zuwa. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Mu kuwa muna shiga da fita a karkace ta ɗan tsukin da ke tsakanin motar da bango, ciki a shafe kamar masu satar hanya. Hannun ƙofarta ya yaga mini zane ya fi a ƙirga.

Duk wannan da dariya nake ɗaukarsa, har zuwa bara, da Allah Ya karɓi Jannatu, 'yar Ashiru da matarsa Habibatu. Ita ƙarama ce, ba ta kai makara ba. A hannu ubanta ya ɗauke ta cikin tabarma, ya bi ta tsukin nan a karkace, yana kare kanta da tafinsa kada ya bugi madubi. Ina tsaye ƙofar ɗakina ina kallo. Ta wuce ba ta taɓa komai ba. Aka ce mini a wurin sallarta ɗayanku yana wannan ƙarshen sahu, ɗayan yana wancan. Tun ranar nake auna tsukin nan da ido. Makara da maza a kafaɗa ba za ta bi ta nan ba. Gidan nan kuwa ba shi da wata ƙofa.

Na ji ana raɗa cewa idan ta kama a fasa katangar baya, ko a miƙa ni ta sama. Ban yarda ba. Katangar tamu ce da maƙwabta, Malam ne ya yi kwaɓinta da ƙafarsa. Kuma ni ban tsallake katanga ina budurwa ba, ba zan fara ina gawa ba. Ta ƙofar nan aka shigo da ni ina lulluɓe, ta nan aka fita da mijina. Ta nan nake so in bi shi.

Na huɗu. Kada wani ya ce mota ta magada ce, tsohuwa ba ta da iko da ita. Na tambayi liman, ya ce matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, a duk abin da ya bari. To, na zaɓi tumunina. Ba na son inji, ba na son kujera, ba na son fitila. Ƙafar bayan hagu na ɗauka, da tayarta da dirom ɗinta da tsatsarta. Liman ya yi dariya ya ce ba haka ake rabo ba, na ce ya bar ni da jahilcina, yana yi mini amfani. Tunda tawa ce, ni zan faɗi wanda zai taɓa ta. Ba ɗan dako, ba yaron gareji, ba wuta. Ku biyu, da hannunku.

Na biyar. Yadda za ku yi. Ni ba bakanike ba ce, amma na daɗe ina riƙe wa babanku notoci a bakin zane yana kwance ƙarƙashinta yana yi mata faɗa. Ku aika a ɗauko Baba Toma, tsohon bakaniken da suka yi zamani da Malam a tasha. Idonsa ya yi rauni, kunnensa lafiya lau. A sa masa kujera a bakin lungu, a ba shi shayi mai kauri. Na riga na aika masa cewa ko sifana kada ya ɗauka, ya ce ko da ma bayansa ba zai bar shi ba. Inda maganata ta saɓa da tasa, ku bi tasa.

Ku tokare tayoyin gaba da duwatsu. Ku sassauta notocin tayar tun tana ƙasa, sannan ku ɗaga da jak. Kada wanda ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Ku ɗauki tsohon turmina na ƙirya ku kafa mata, ya ɗauki dakan gidan nan tun kafin a haife ku, zai ɗauki gindin mota. Idan taya ta fita, ku zuba kananzir ko man feshin nan na gwangwani da Izuchukwu mai kayan mota ke sayarwa, a tsakiya, inda dirom ya rungume cibiyar ƙafar. Ku bar shi ya jiƙa. Ku dawo da yamma ku ƙara, ku dawo da safe ku ƙara. E, Abdulhamid, ku dawo na ce. Daga Gwallameji zuwa nan ba Makka ba ce, keke napep na zuwa.

Idan ya sha mai ya ƙoshi, ɗaya zai kwanta a ƙarƙashi. Ashiru ne, don tumbin ofis irin na Abdulhamid ba zai shiga ba. Ka sassauta wayar birkin hannu, don sandar birkin da ka sauke tuntuni a cikin mota ba ta gaya wa wayar komai ba. Sannan akwai ɗan ƙarfen da ake murɗawa ta bayan farantin da dirom ya kife a kai, don abin da ke ciki ya ja baya, Baba Toma zai gaya maka inda zai juya. Ɗayan zai durƙusa a waje da guduma. Abdulhamid ne, don Ashiru hannunsa da zafi, tun yana yaro ba ya buɗe kwalba sai ya fasa ta. Ka sa guntun katako tsakanin guduma da ƙarfe. Ka riƙa bugun fuskar dirom ɗin kana zagayawa, sannu sannu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Kada ka bugi leɓensa, zai tsage, irinsa kuwa yanzu sai an sha yawo. Kada ku zura ƙarfe ku ɓanɓare da ƙarfi, farantin baya zai lanƙwashe. Ƙurar da za ta zubo kada ku hure ta da baki, ku share da jiƙaƙƙen tsumma. Tarin da babanku ya yi fama da shi ya ishe mu.

Na ƙarƙashi ba ya ganin guduma, na waje ba ya ganin sifana. Idan aka buga lokacin da yatsa ke ciki, kun san sauran. Saboda haka dole na ciki ya ce dakata, na waje ya ce na dakata. Na ciki ya ce buga, na waje ya tambaya ko ya motsa. Ban ce ku nemi gafarar juna ba, na san taurin kanku, a wurina kuka sha shi. Wannan 'yar maganar kawai nake so in ji daga ɗakina. Na manta yadda muryoyinku suke idan sun haɗu.

Ku saurari ƙarfen. Muddin yana manne, amonsa a toshe yake kamar an bugi jiƙaƙƙen bango. Ranar da ya saki za ku ji ya yi ƙara kamar tasa. Malam idan ya ji wannan ƙarar sai ya leƙo daga ƙarƙashi fuska duk baƙin mai ya ce in ɗora ruwan wanka. Idan bai saki ranar farko ba, kada ku zagi juna, ku ƙara mai ku kwana. Da ya fara juyawa, ku kama shi hannu bibbiyu, ku riƙa girgizawa kuna jawowa har ya fito. Ku goge cikinsa, ku mayar, ku ɗaura taya, ku tura ta waje gindin darbejiya. A tokare ta da dutse. Wanda ya sake taɓa birkin hannun nan, ni da shi ne.

Na shida. Idan Allah Ya riga ku, kuka wayi gari na cika motar tana nan, kada a jinkirta ni saboda ita. A yi mini sutura a kan lokaci. Ku bar makarar a waje, ku naɗe ni a tabarma, ku bi da ni ta tsukin da Jannatu ta bi. Amma ba wanda zai ɗauke ni a wurin nan sai ku biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, kuna gaya wa juna inda za a karkata. Ba haka nake so ba. Na rubuta ne don kada ku tsaya gardama a kaina rana tana yi.

Na bakwai. Abin da na mallaka ba shi da yawa, a raba muku shi yadda Allah Ya ce, kada a ƙara wa kowa don ya fi kuka. Daga cikin sulusin da aka yarje mini, keken ɗinkina na Habibatu ne. Ba ni na haife ta ba, amma ita take juya ni idan bayana ya gaji, ita take wanke abin da ba na so a faɗa, kuma ta yi haka cikin shekarar da ta binne 'yarta. Tunkiyata da ke wurin kawunku a Zungur a ba Baba Toma, don tun da Malam ya rasu bai bar sallah ta wuce bai zo gaishe ni ba, shi da ba sallarsa ba. Zannuwana da hannun mota bai yaga ba, Radiyya ta zaɓa wa matan unguwa masu buƙata, ta kai musu a ɓoye. Jikoki kuma na bar muku tatsuniyoyina. Wanda ya manta ƙarshen wata ya ƙirƙiro, ni ma haka nake yi.

Na takwas. Abin da za a yi da motar bayan ta fita ba nawa ba ne. Ku zauna ku uku, Radiyya ma tana da rabo da baki, kada a yanke komai tana ɗakin girki. Ko ku gyara, ko ku sayar, ko ku bar wa kaji. Roƙona ɗaya, idan ta fita ina da sauran numfashi, ku kama ni ku kai ni ku zaunar a kujerar gaba, gefen direba. Ba sai an tayar da ita ba. Zan ɗan zauna, in kalli titi ta gilashin da babanku ya yi ta kallo, sannan ku dawo da ni ta lungu a miƙe, ku biyu a gefena, ba wanda ya karkace.

Radiyya, kin daɗe kina kai saƙo tsakanin yayyenki kamar 'yar aike, kina rage wa maganar kowa kaifi kafin ki isar. Na gani, Allah Ya gani. Daga ranar da kika karanta wannan, ki ajiye. Wanda ke da magana ya san ƙofar ɗan'uwansa.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda kuka ɓoye, har da furar. Ku ma ku yafe mini tsokanata da tsawon bakina. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su ji tausayinku ranar da ƙafafunku suka kumbura. Bayana kada gidan nan ya zama wurin da ake zuwa a daidaici wani ba ya nan. Ku ci tuwon sallah a kwano ɗaya, ku bar 'ya'yanku su kwana ɗakunan juna, ku ziyarci kabarin babanku tare, idan da wuri kusa da shi ku sa ni. Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan Jannatu, Ya sa in cika da kalmar shahada, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Amsar kacici-kacicin kuma, idan dirom ya fito ku leƙa inda ya rufe. Ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa da ke riƙe birki, kanikawa na ce musu shu. Sifirin, wata naɗaɗɗiyar waya mai jan su, ke haɗa su, kuma ba sa sakin bango sai sun matso kusa da juna.